In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari: Cutar Da Ke Bin Saƙonnin Waya Da Alhakin Da Ke Kanmu

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwa a babban taron ƙungiya da aka yi a garin Lafiya)



 Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, mu 'yan kasuwa, domin mu yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato ƙwayar cutar nan da ke shiga wayoyinmu ta hanyar saƙonni, da kuma rabon alhakin da ke wuyan kowannenmu a kai. Mu dai ba injiniyoyi ba ne. Karatunmu na allo ne da Islamiyya, sauran kuwa kasuwa ce ta koya mana. Amma duk abin da ya taɓa aljihu ya taɓa mutunci, to ɗan kasuwa yana da ta cewa.

Yadda saƙo yake a da, da yadda ya koma

Kowa a nan ya san iyayenmu da kakanninmu daga Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato da sauran wurare suka gangaro wannan gari neman halak. Suka tarar da masu gari, suka zauna da su, suka yi ciniki da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi. Babu abin da ya riƙe su a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyarsu ba illa suna mai kyau. Manomi ya ba ka doya cikin mota guda ka tafi da ita ba takarda ba shaida, saboda ya san mahaifinka bai taɓa cin haƙƙin wani ba.

A lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, ranar 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafiya hedikwata, in za ka aika saƙo gida sai ka je tasha ka nemi direban da ka sani. Wani ya rubuta wasiƙa, wani ya ɗauki muryarsa a kaset. Ɗan aike yana da fuska, an san gidansu, in saƙo ya salwanta an san wanda za a tuhuma. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, bayan wasu shekaru kuma aka samu manyan wayoyi masu shafawa, WhatsApp da Facebook suka zama tasharmu. Da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har mai ƙosai da mai shayi suka koma karɓar taransifa. Tun daga nan wayar ɗan kasuwa ta zama ita ce shagonsa, ita ce asusunsa, ita ce littafin bashinsa. To, jama'a, inda dukiya ta koma, can ɓarawo ke komawa.

Mece ce wannan cuta?

Abin da samari ke kira bairos, wata ƙaramar manhaja ce da mutum ya zauna ya rubuta da gangan domin ta shiga na'urar wani ta yi masa aiki a ɓoye. Ba iska ce ke kawo ta ba, ba kuma tsufan waya ba ne. Ɗan'adam ne ya ƙera ta, kuma galibi kuɗi yake nema.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan suka rubuta wata da ake kira Brain, wadda ta riƙa bin faifan kwamfuta daga hannu zuwa hannu. A watan Mayu na 2000 wata ta ɓullo daga ƙasar Filifin, ta shiga akwatin imel na mutane da sunan wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe, sai ta aika kanta ga dukkan mutanen da ke cikin jerin adireshinsa, cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya. A 2004 da 2005 aka fara ganin masu bin wayoyin Nokia ta Bluetooth da saƙon hoto. Wanda ya lura zai ga dabarar guda ce tun daga wancan lokaci: cutar ba ta zuwa da baƙuwar fuska, da sunan wanda ka sani take yin sallama.

Mu da muke harkar hatsi mun san wannan. Buhun wake guda mai ƙwari in ya shiga sito, ba shi kaɗai ke lalacewa ba. Kuma ƙwarin ba su fasa ƙofa ba, mai sito ne ya ɗauko buhun da kansa ya shigar.

Yadda take aiki a wayoyinmu na yau

Bari mu kawo misalan da suka tabbata, don kada a ce tatsuniya muke yi.

A watan Oktoba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta gargaɗi jama'a game da wata cuta mai suna FluBot, wadda aka fara gani a ƙasar Sifen a ƙarshen 2020. Saƙo ne zai shigo maka cewa ga kayanka nan a hanya, ko kuma wani ya bar maka saƙon murya, danna nan ka gani. In ka danna wannan shuɗin rubutu da ake kira linki, sai a ce ka sauke wata manhaja. Da ka sauke, sai ta nemi izinin karanta saƙonninka da ganin abin da ke fuskar wayarka. Da ka ce ka yarda, shi ke nan. Ranar da ka buɗe manhajar bankinka, sai ta shimfiɗa wata fuskar ƙarya a kan ta gaskiya, ka rubuta lambar sirrinka da hannunka ka miƙa mata. Lambar da banki ke aiko maka don tabbatar da ciniki kuwa, ita ke fara karantawa. Bayan haka ta kwashe lambobin jama'ar da ke wayarka, ta kuma riƙa aika wa wasu irin wannan saƙo daga layinka, da kuɗin katinka. 'Yan sandan ƙasashe 11 sun haɗa kai sun rushe cibiyarta a watan Mayu na 2022, amma dabarar ba ta mutu ba, wasu sun gaje ta.

A watan Afrilu na 2021 kuma aka yi wata da ake kira WhatsApp Pink. An yaudari mutane cewa ga sabon WhatsApp mai launin ruwan hoda, ya fi koren kyau. Wanda ya sauke, sai wayarsa ta riƙa amsa saƙonnin mutane da kanta, tana tura musu linkin nan. Ka yi wa ɗan'uwanka sallama, wayarsa ta amsa maka da tarko, shi kuwa yana can yana barci bai sani ba. A cikin watan nan dai masu bincike suka gano wata mai suna FlixOnline, wadda ke alkawarin kallon fina-finai kyauta na wata biyu, ita ma tana amsa saƙonnin WhatsApp a madadin mai waya. Wannan har cikin Play Store ta samu shiga kafin kamfanin Google ya cire ta.

Sai kuma wadda ta fi kusa da mu, wato jabun WhatsApp da ake kira GB ko FM ko Yo, wanda yaranmu ke so saboda yana ɓoye cewa an karanta saƙo, yana kuma nuna saƙon da aka goge. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, kuma ba a san hannun da suka bi ba kafin su iso gare mu. A watan Agusta na 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano wata cuta mai suna Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp, mai iya karanta saƙonni da yi wa mutum rajistar abubuwan da ake cire masa kuɗi ba da saninsa ba. A Oktoba na 2022 suka sake samun irinta a cikin YoWhatsApp. Shi kansa kamfanin WhatsApp yana rufe layin masu amfani da irin waɗannan. Amma mu nan, sai ka ga dattijo ya sayi sabuwar waya, ya miƙa wa yaro a bakin kasuwa ya ce a zuba masa abubuwa, yaro ya turo masa daga tasa wayar ta Xender. Yaron bai yi da mugun nufi ba, shi ma haka aka zuba masa.

Lamba shida

Akwai wata hanyar da ba ta ma bukatar manhaja, kuma ita ta fi yi mana ɓarna a zaurukanmu na WhatsApp. Wani zai kira ka cikin ladabi, da Hausa tsantsa, ya ambaci sunan zauren masallacinku ko na 'yan kasuwarku. Ya ce za a yi taro ta waya da daddare, an aiko maka lamba shida, karanto mana mu sa sunanka. Wannan lamba shida, jama'a, ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Shi ne ya sa lambar wayarka a tasa wayar, kamfani ya aiko maka lambar tabbatarwa, kai kuma ka karanta masa. Nan take za a fitar da kai, shi ya zauna a mazauninka, da hotonka da sunanka.

Daga nan sai ya bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta wa ƙaninka na Kano cewa asusunka ya samu matsala, a tura dubu hamsin ta wannan asusu zuwa gobe. Ya rubuta wa dillalinka na Agyaragu cewa kuɗin doya a sauya musu hanya. Ya shiga zaurukan da kake ciki ya kwashi lambobin wasu ya kira su da irin waccan magana. Mun ga irin wannan a cikinmu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ba sai mun kama suna ba.

Ga inda abin ya fi zafi gare mu mazauna wannan gari. In aka cuci manomin Doma ko na Obi da sunan ɗayanmu, shi bai san wani ɓarawo da ke zaune a wata jiha ko wata ƙasa ba. Abin da ya sani, hoton Alhaji ya gani, lambar Alhaji ce ta yi masa magana. In ya koma ƙauye, cewa zai yi Bahaushe ya cinye masa kuɗi. Amanar da kakanninmu suka shekara da shekaru suna ginawa, sai a zubar da ita a dare ɗaya saboda lamba shida. Kuɗi in sun tafi ana iya mayar da su, amma suna in ya ɓaci a wurin maƙwabci gyaransa sai an sha wuya.

To, laifin wa ne?

Wani zai ce, ai mu aka zalunta, don me za a ɗora mana laifi? Gaskiya ne, ɓarawo shi ne mai babban laifi, a wurin Allah da wurin hukuma. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015, an kuma yi mata gyara a 2024. Hukumar EFCC da 'yan sanda suna da aikin kamawa da gurfanarwa. Bankuna da kamfanonin waya su ma suna da nasu nauyin, domin ɓarawon nan da layi yake kira, da asusu yake karɓar kuɗi, kuma an ce kowane layi a haɗa shi da lambar NIN, kowane asusu da BVN. Muna da haƙƙin mu tambaye su yadda aka yi yake samun mafaka.

Haka kuma akwai cutar da mai waya ba shi da laifi a kanta ko kaɗan. A 2019 kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa an yi amfani da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta wani kamfanin Isra'ila mai suna NSO, a kan mutane kimanin 1,400, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a. Wannan kira kawai ake yi, ko ba ka ɗauka ba ta shiga. To amma irin wannan makami mai tsada ne ƙwarai, gwamnatoci ake sayar wa, ba a ɓata shi a kan mai sayar da riɗi. Wadda ke bin mu kullum ita ce mai jiran mu buɗe mata ƙofa.

Shi ya sa muka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke bangonmu kuwa sananniya ce. Ta farko kwaɗayi: an ce gwamnati na rabon tallafi, an ce kamfanin waya na rabon data kyauta, an ce wani attajiri na rabon kuɗin azumi, cike sunanka da BVN a nan. Mun ga yawaitar irin waɗannan saƙonni lokacin kullen korona a 2020, mun sake ganinsu bayan cire tallafin man fetur a 2023, domin ɓarawo ya san lokacin da talaka ke cikin matsi. Ta biyu gaggawa: an ce yau ne ƙarshe, an ce za a rufe asusunka cikin awa ɗaya. Ta uku kunya: muna jin nauyin mu ce wa babba ko malami, tsaya in tabbatar kai ne.

Ta huɗu kuwa ita ce mafi ban tausayi, domin daga kyakkyawar niyya take fitowa. Mutum ya ga saƙon tallafi, an rubuta a tura wa zaure biyar kafin a samu, sai ya ce bari in taimaki 'yan'uwa. Ya zama shi ne ɗan aiken ɓarawo ba lada ba la'ada. Tun muna yara a Islamiyya aka karantar da mu, a aya ta 6 cikin Suratul Hujurat, muhimmancin tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da wasu cikin rashin sani a dawo ana nadama. Wannan karatu bai tsaya a kan maganar baki ba, ya haɗa da abin da babban yatsa ke turawa.

Saboda haka tsare waya ya wuce batun tsare dukiyar kai. A cikin wayar kowannenmu akwai lambobin ɗaruruwan mutane, akwai hotunan iyali, akwai sirrin abokan ciniki. Amana ce aka ba mu ajiya. Wanda ya bar wayarsa a buɗe tamkar wanda ya bar wuta a shagonsa ne ya tafi gida, alhali shagunan layin duk rufinsu a haɗe yake.

Abin da ya kamata kowa ya yi

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafi ba ya cin ko kwabo.

Na ɗaya, lambar da ta shigo wayarka ta saƙo, ko ta WhatsApp ce ko ta banki, ba a karanta wa kowa ita. Ko da wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, ko sakataren ƙungiya, ko limamin unguwa. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa. Babu kuma wani taro da ake shiga da lambar tabbatarwa ta WhatsApp.

Na biyu, kowa ya sa wa WhatsApp ɗinsa makulli na biyu. Tun 2017 kamfanin ya samar da shi. A cikin saitin asusu yake, inda za ka zaɓi wata lamba shida ta kanka wadda kai kaɗai ka sani. In ka yi haka, ko ɓarawo ya samu lambar da aka aiko ta saƙo, zai tarar da wata ƙofar a kulle. Kada a sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. A nan cikin saitin kuma akwai wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka. A riƙa leƙawa, in an ga baƙuwa a cire ta.

Na uku, manhaja daga Play Store ake sauke ta, ko daga App Store ga masu iPhone. Mun faɗa cewa ko can ɗin akan samu ɓata-gari, amma kasuwa mai sarki da 'yan sintiri ta fi ciniki a bayan gari. Duk fayil ɗin da aka turo maka a saƙo wanda sunansa ya ƙare da haruffan apk, manhaja ce, ko da an ce katin gayyatar biki ne ko takardar ɗaukar aiki. Kada a buɗe. Mai jabun WhatsApp kuma ya cire shi ya koma na asali.

Na huɗu, a kula da izinin da manhaja ke nema. In ka ɗauki yaron shago aikinsa shara, ya ce sai ka ba shi mabuɗin akwatin kuɗi, ai ka san da magana. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto ba ta da hulɗa da saƙonninka da lambobin mutanenka.

Na biyar, in waya ta ce a sabunta ta, a sabunta. Mun sani data na da tsada, amma sabuntawar nan ita ce liƙe tsagar da aka gano a bango. Ita kanta ƙofar da Pegasus ta bi a 2019 da sabuntawa aka toshe ta.

Na shida, duk saƙon neman kuɗi ko na sauya lambar asusu, a kira mutumin ta layin waya a ji bakinsa, ba ta WhatsApp ɗin da ake zargi ba. Da yake yanzu akwai na'urorin da ke iya kwaikwayon muryar mutum, in kuɗin masu yawa ne a tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba don an tabbatar.

Na bakwai, a sa wa fuskar waya makulli, a sa wa sim lambar sirri, domin wanda ya tsinci sim ɗinka yana iya sa shi a wata waya ya nemi hanyar asusunka. In za a kai waya gyara ko caji, a kulle ta ko a cire sim. Kada kuma a ajiye hoton katin banki ko lambar sirri a cikin waya.

Iyaye mata, wannan magana ta shafe ku ƙwarai. Da yawanku kuna sana'a daga cikin gida, kuna adashi ta waya, kuma wayar uwa ita ce abin wasan yara. Yaro na neman wasan mota zai danna duk abin da ya fito masa. Mu maza kuma kada mu koyi wannan mu bar iyalanmu a duhu.

In abin ya riga ya faru

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wannan tarko ya kama masu digiri da manyan ma'aikata, ba marasa boko kaɗai ba. Babban kuskure shi ne a yi shiru don gudun dariya. Kowace awa da ka yi kana ɓoyewa, ɓarawo yana cin wani da sunanka.

Da farko a nemi banki nan take a rufe asusu da kati. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya don rufe asusu. Kowa ya je ya tambayi ta bankinsa ya rubuta a takarda ya ajiye tun kafin ranar bukata. Na biyu, a ari wayar wani a sanar da dangi da abokan ciniki da shugabannin zauruka, su kuma su cire lambar daga zaure har sai ta dawo hannun mai ita. Na uku, a sake shiga WhatsApp da lambar wayar. In sabuwar lamba shida ta zo aka sa, za a fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa makullin na biyu, sai an jira kwana 7, amma shi ma a waje yake. Na huɗu, in manhaja ce ta shiga, a kashe data, a kwashe hotuna da lambobi, a wanke wayar ta koma kamar sabuwa, a sauya dukkan lambobin sirri. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda, a ajiye lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, domin ita ce sawun ɓarawo. Ƙorafin da ya shafi layin waya kuwa, NCC tana da lamba 622 da ake kira kyauta.

Shawararmu ga ƙungiya

Muna roƙon shugabanni su duba abubuwa uku. A zaɓi samari amintattu daga cikin 'ya'yanmu, ga su nan muna da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da sauran makarantu, su riƙa zama bayan kowane taro suna taimaka wa dattawa da iyaye mata sa makulli na biyu, da sharaɗin mai waya ne zai danna lambarsa da kansa, yaro ya kau da kai. A kafa doka a zaurukanmu cewa ba a tura linkin tallafi ko kyauta sai shugaban zaure ya tantance, ba a kuma shigar da baƙuwar lamba sai wani ya tsaya mata. Sannan a sanar da kowa, a rubuce, cewa ƙungiya ba za ta taɓa kiran mutum ta nemi wata lamba ba, kuɗin ƙungiya kuma asusu ɗaya ne sananne.

Muna kuma roƙon malamanmu su riƙa taɓo wannan batu a wurin karatu, 'yan kasuwa kuma mu faɗa wa abokan cinikinmu na ƙauyuka da bakinmu: in kun ga saƙo da sunanmu ana neman kuɗi ko an sauya asusu, ku kira mu tukuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa da muke zaune cikin jama'a, har na maƙwabci ya kamata mu shafa wa.

Kafin a tashi daga wannan wuri, muna roƙon duk wanda bai sa makulli na biyu ba ya tsaya, samari suna nan a bakin ƙofa. Aikin minti biyu ne.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya shiryi masu wannan mugun hali, Ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu a wannan gari da jiha baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu.